Saba Mai Araha da Abin da Na Ɗora wa Uwani

Wannan babin ban so rubuta shi ba. Sau biyu ina tsallake shi, na rubuta na aikina na malamin gona, na rubuta na tafiyata Makka, amma duk sanda na waiwayo sai in tarar da shi zaune yana jirana. Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kuna jin ana cewa Uwani ce ta ɓatar da muryoyin tsofaffi. Haka aka faɗa a Rogo, haka aka faɗa a ƙauyen Turawa, har maganar ta zama kamar wani abu da aka haife ku da saninsa. To ba haka aka yi ba. Ku ji yadda aka yi daga bakin wanda ya aikata.

Lokacin da nake yawon ƙauyuka a kan babur ina koya wa manoma sa taki da feshi, ina tafe da wata rikoda baƙa a jaka. Da farko don aiki na saye ta, saboda na lura tsofaffin da aka turo ni in koya wa sun fi ni sanin ƙasar. Wani zai ɗebi turɓaya ya shinshina ya ce maka gyaɗa ba za ta yi a nan ba bana, kuma haka za a yi. Sai na riƙa ɗaukar maganarsu. Daga nan abin ya zarce. Na ɗauki makaɗan gayya suna zuga samari a kunya, na ɗauki mata suna waƙar niƙa, na ɗauki dattawan ƙauyen Turawa suna ba da labarin yadda aka sari unguwanni da wanda ya haƙa kowace rijiya. Na ɗauki mahaifiyata, Inna, wuni guda cur tana ɓarar gyaɗa tana ba ni labarin shekarar yunwa da yadda suka rayu da tafasa da ƙanzo. Kafin in yi ritaya kaset ya cika akwatin ƙarfe biyu, kuma kusan duk masu maganar sun riga mu gidan gaskiya.

Uwani, mai sunan Inna, ita ce ta yi karatun kwamfuta a cikinku. A lokacin tana aure a Karaye, tana da shagonta inda take buga wa mutane takardu. Ita ta fara ce mini kaset yana mutuwa kamar yadda mutum yake mutuwa. Rani guda ta yi tana zuwa Rogo duk Asabar, tana juye su ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin kwamfuta. Wasu zarensu ya riga ya manne, suna gama juyawa sau ɗaya suke tsinkewa, kamar dama abin da suke jira ke nan. Da ta gama sai ta tara komai a wani ɗan akwatin ajiya da ake jonawa da kwamfuta, bai fi sabulun wanka girma ba. Ta danƙa mini shi da hannu biyu.

"Baba, wannan shi ne rumbun. Duk abin da za mu yi nan gaba, kada ya bar gidan nan."

Na ce mata na ji. Su kuwa kaset ɗin, da damina ta zo tsuntsaye suka addabi geron yayana, Baffanku Sule, na ba shi su duka. Ya warware zaren ya ɗaɗɗaura a gona, yana walƙiya yana kaɗawa a iska. Har dariya muka yi, muka ce tsofaffi sun koma aikin korar tsuntsu.

Ni ne na matsa a sa su a intanet don jikokin masu maganar su ji. Uwani ta ce akwai wuraren da ake ɗora bidiyo kyauta, amma da ta nuna mini na ga ana sako tallace-tallace kafin abu ya fara, wani da kiɗa, wani da matan da ba su da sutura, na ce ba za a gabatar da muryar Inna da wannan ba. Sai ta buɗe mana shafi namu na kanmu. Ta yi mini bayanin cewa shafi ba a iska yake zaune ba, a cikin wata babbar kwamfuta yake wadda ba a kashe ta, a wani gari mai nisa, ana kiranta saba, kuma hayarta ake yi kamar ɗaki. Muka kama mafi ƙanƙanta. Kuɗinta a wata bai fi abin da nake sa wa babur na mai a mako ba. Wata uku muna haka, masu shiga 'yan uwa ne da abokai, hankalina kwance.

Sai wani ya ɗauki kiɗan gayyar marigayi Audu Mai Ganga ya tura a wani guruf na 'yan asalin yankinmu mazauna birni da kudu. Ranar farko wayata ba ta huta ba. Wani direban tirela ya kira ni daga bakin teku yana kuka, ya ce sunan kakansa ya ji ana wasawa a cikin kiɗan, bai taɓa sanin an yi masa kirari ba. Wata mata ta ce muryar kakarta ce ta uku a waƙar niƙa. Na riƙa yawo a gari kamar sabon ango. A rana ta huɗu da hantsi na buɗe shafin don in nuna wa liman, sai na tarar da farin allo da layi biyu na Turanci. Na kira Uwani.

"Sun rufe mu, Baba," in ji ta. "Ma'auninmu na wata ya ƙare."

"Wane ma'auni? Ba mun biya haya ba?"

"Mun biya kuɗin ɗaki. Amma duk wanda ya saurara, data ce take fita daga sabar zuwa wayarsa, kuma ita ma aunawa suke. Kamar mai rijiya ne ya ce ka ɗebi guga kaza a wata. Mutanen gari sun zo sun ɗebe mana cikin kwana huɗu."

"Wato don mutane sun so abin shi ya sa aka hukunta mu?"

"Haka abin yake, Baba. Murya nauyi gare ta. Da rubutu ne da ba mu ji komai ba."

Ban taɓa jin ciniki irin wannan ba, ka yi kyauta kuma a ci ka tara gwargwadon yawan waɗanda suka karɓa. Na ɗauka wasa ne har sai da ta zo da kwamfutarta ta nuna mini farashin sabobin da za su iya ɗaukar jama'armu. Duk da dala suke. Da ta juya mini zuwa naira na cire tabarau na goge na sake dubawa. Mafi sauƙi a cikin masu faɗin hanya, wato waɗanda mutane da yawa za su iya saurare lokaci guda ba tare da abin ya riƙa tsayawa ba, kuɗinta a wata ya kusa cinye fanshona gaba ɗaya, fanshon da ma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Kuma a shekarar naira tana ta zamewa, farashin da ka gani ranar Litinin ba shi za ka tarar ranar Juma'a ba.

Na shiga nema. Na je wajen dattawan ƙungiyar gari, suka yaba, suka yi addu'a, suka ce za a zauna. Har yau ba a zauna ba. Na je wajen wani mai hali, ya ce zai ɗauki nauyi idan za a sa hotonsa a saman shafin kuma a cire hirar wani dattijo da ya ambaci yadda aka yi da wata gona a zamanin kakansa. Na sa takalmina na fito. Ita kuwa Uwani shawararta daban ce. Ta ce mu zauna da kamfanin da muka sani, ta matse muryoyin su rage nauyi, mu riƙa sakin goma-goma kowane wata maimakon duka. Na ƙi. Na ce wanda yake neman muryar kakansa ba zai jira layi ba. Gaskiyar magana kuwa, na ɗanɗana daɗin kiran waya da godiya, ba na so ya ragu.

Ana cikin haka ta haifi Sadiƙu. Mahaifiyarku ta tafi Karaye zaman jego, aka bar ni a gida ni kaɗai da waya. A wani guruf na tsofaffin ma'aikata na ga tallan. An rubuta da Hausa da Turanci: saba mai ƙarfi, ba iyaka, biya ɗaya shekara uku, da naira. Na kira lambar. Wani mai murya a natse ya ɗauka, ya ce a kira shi Injiniya. Ya gaishe ni gaisuwa ta mutunci, ya tambayi iyali, ya saurare ni har na gama ba tare da ya katse ni ba.

"Baba, irin aikinku ne ya sa muka buɗe kamfanin nan," ya ce. "Waɗancan na waje cutar mu suke yi. Mu ba ma auna wa kowa. Ko duk Kano za ta saurara lokaci ɗaya, ba abin da zai taɓa ku."

"In wani abu ya sami sabar fa?"

"Kwafi uku muke ajiyewa, a ƙasashe uku. Sai dai in duniyar ce ta tashi."

Kuɗin shekara ukun bai kai na wata huɗu a wancan wurin ba. Ranar suna na je Karaye, na shiga ɗakin Uwani na faɗa mata. Tana zaune a kan katifa da jariri a cinya, fuskarta duk gajiya, ta karɓi wayar ta karanta tallan sau biyu.

"Baba, babu wani abu wai shi ba iyaka. Shi ma wani yake biya. Wanda ya sayar maka da buhu a kuɗin mudu, ko dai ba nasa ba ne ko kuma ba zai daɗe a kasuwa ba. Ka bari in yi arba'in, mu nema tare."

Mahaifiyarku tana gefe tana ninke kayan jariri, ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, araha dai ba ta ado."

Na ji haushi. Na ga kamar sun mai da ni yaro don ba ni da ilimin kwamfuta. Na koma Rogo na sayar da gyaɗar da na ajiye, kuɗin bai cika ba, kuma Injiniya ya ce rangwamen ranar Alhamis zai ƙare. Na duba ɗakina ina neman abin da zai cike giɓin, idona ya faɗa kan akwatin ajiyar nan. Na sake kiransa na tambaye shi ko yana da sauran amfani tunda komai zai hau sabarsu. Ya yi 'yar dariya ya ce wannan ai tsohon yayi ne, su da suke da kwafi uku. Na ba shi kalmar sirrin tsohon shafin daga littafin da Uwani ta rubuta mini, ya kwashe komai ya mayar wajensa cikin wuni ɗaya, na buɗe na ga duk suna nan, suna buɗewa da sauri fiye da da. Ranar kasuwa na ɗauki akwatin na kai wa wani mai tura wa mutane finafinai a waya. Ya jona, ya ga abin da ke ciki, ya ɗago ya dube ni.

"Baba, akwai abin da kake so a nan? In na goge ya tafi fa."

"Goge. Duk suna sama."

Ina tsaye ya danna. Bai kai tsawon alwala ba ya ce an gama. Ya ƙirgo mini kuɗi na sa a aljihu na wuce wajen masu tura kuɗi.

Da Uwani ta gane na sauya saba sai ta tambaye ni abu ɗaya a waya: akwatin yana nan? Na ce yana nan a cikin adaka. Ta ce to alhamdu lillahi. Wata biyar shafin yana aiki kamar ruwa. Duk sanda ta zo sai na tsokane ta, in ce ina masu cewa tsoho bai iya ciniki ba? Takan yi murmushi ta ce Allah ya ɗorar.

Wata safiya bayan an gama girbin gero ina shan koko a zaure, direban nan na kudu ya kira ni. Bai ko gama gaisuwa ba.

"Malam, lafiya kuwa? Me kuka ɗora a shafinku?"

Na buɗe. Inda muka sa hoton rumbunan ƙauyen Turawa, sai ga wata mata da 'yar riga tana riƙe da ƙwallo, ga lambobi suna ta walƙiya, ana kiran mutane su zo su yi caca. Sunan shafinmu ne a sama, ba kuskure. Na rufe na sake buɗewa. Na kashe wayar na kunna. Na fita waje wai ko sabis ne. Kokon ya zube a kan tabarma ban san sanda na ture shi ba. Na kira Injiniya, waya a kashe. Na kira har sau nawa ban sani ba. Mahaifiyarku ta fito ta tarar da ni tsaye a tsakar gida ba hula, ta yi ta magana, ina ganin bakinta yana motsi amma ba na jin komai.

Kafin azahar Uwani ta iso a kan acaɓa da Sadiƙu a baya. Baffanku Sule ya riga ta zuwa, don labari ya kai masa cewa ana tallan caca da sunan gidanmu, ga maƙwabta biyu su ma sun shigo jaje. Ta zauna a bakin zaure ta duba a kwamfutarta, ta ce da alama an goge sabar an ba wa wasu hayarta. Ta cire sunanmu daga kanta nan take. Sannan ta dube ni, wallahi ba alamar "na faɗa maka" a fuskarta ko kaɗan.

"Baba, kwantar da hankalinka. Kuɗi ne kawai suka tafi. Ɗauko akwatin, cikin mako guda zan mayar da komai."

Na tashi na shiga ɗaki. Na buɗe adakar da na san babu komai a ciki, na ɗaga riguna, na mayar. Na daɗe a tsaye. Ina jin muryar Yaya Sule a zaure yana cewa ai Allah ya sa yarinyar nan ta yi dabara. Shekarata sittin da wani abu a lokacin, ana kirana in raba gardama, ana ba ni ajiyar marayu. Na fito, idanun mutum biyar a kaina, sai na ji bakina yana cewa:

"Ban gan shi ba. Ba ke kika tafi da shi Karaye ba, kafin haihuwa?"

Ban shirya maganar ba, amma ni na faɗe ta, kuma ban janye ba. Uwani ta dube ni. Ta ce ita dai ba ta tuna ba, amma lokacin cikin nan ya tsufa ba komai take riƙewa ba, wataƙila. Yaya Sule ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wataƙila? Muryar uwarmu ce kike cewa wataƙila? Shekara talatin ubanki yana tarawa, ke rani ɗaya kin watsar!"

Ta sunkuyar da kai, Sadiƙu ya fara kuka, ta tashi ta fita da shi. Daga baya mijinta ya gaya mini mako uku ta yi tana birkice gida da shago. Har buhunan hatsi ta zazzage. Har masai ta sa aka leƙa da tocila, wai ko yara sun jefa.

Ni kuwa na hau mota ni kaɗai na tafi Kano da adireshin da ke jikin rasit, ban yarda kowa ya raka ni ba don kada maganar akwati ta fito. Ina zaton zan tarar da bene mai gilashi da masu gadi. Abin da na tarar shi ne wani lungu a kasuwar 'yan waya, shago mai faɗin tabarma biyu, da wani siririn mutum mai kimanin shekara talatin da biyar yana gyaran waya da ɗan ƙarfe mai zafi. Na ce Injiniya nake nema. Da ya amsa na gane muryar. Na tambaye shi ina kamfanin. Ya ce shi ne kamfanin. Na tambaye shi ina sabar. Ya ce bai taɓa ganinta ba, shi ma haya ya kama a hannun wani, wanin ma haya ya kama a ƙasar waje, shi kuma ya yanyanka ta ya sayar wa mutane irina. Dala ta tashi, mu mun biya da naira tun tuni, masu saurarenmu kuma suka fi kowa jan data, ya kasa biya wata biyu, aka goge.

"Kwafi ukun fa? Ƙasashe ukun fa?"

Ya ajiye ƙarfen, ya kasa kallona.

"Baba, haka kowa yake rubutawa a talla. Amma ai kuna da naku kwafin a gida, ko? Ba wanda yake ɗora abu bai ajiye nasa ba."

Na dube shi. Da ɓarawo na tarar, mai ƙiba da mota, da na sami wanda zan yi wa ihu. Wannan kuwa silifas ɗinsa ma ɗinki ne. Da na ce masa na sayar da akwatin sai ya dafe kai ya ce inna lillahi, shi da ya ce mini akwatin tsohon yayi ne bai zaci sayarwa zan yi ba. Ya ciro wata waya daga cikin na sayarwa ya miƙo mini wai in rage asara. Ban karɓa ba. Na fito na zauna a kan dakalin wani masallaci, mutane suna wucewa, ina ta lissafa sunaye a raina, wane ya tafi, wance ta tafi, yau kuma sun sake tafiya, kuma ni na raka su.

Uwani ce ta tsaya ta tattaro abin da ya saura. Ta yi ta roƙo a guruf-guruf, duk wanda ya taɓa saukewa a wayarsa ya turo. Kiɗan gayya ya dawo, waƙoƙin niƙa guda huɗu suka dawo, da ɗan guntun labarin rijiyoyi. Dogayen hirarrakin ba wanda ya sauke su saboda cin data, a kan shafin ake jin su. Hirar Inna tana cikinsu. Abin da ya dawo bai kai ɗaya cikin goma ba. Ta matse su suka rage nauyi, ta mayar da su ƙaramar saba a kamfanin farko, tana biya daga ribar shagonta, kamar dai yadda ta ce a yi tun farko. Har yau a nan suke. Kuma duk wanda ya yaba sai ya ƙara da cewa, kai, da ba ta ɓatar da sauran ba.

Shekara bakwai ina jin ana faɗin haka ina kawar da kai. Yaya Sule bai ƙara amsa gaisuwarta da sakin fuska ba. Da zai aurar da autarsa ya hana a ba Uwani riƙon kuɗin gudummawa, ya ce a gaban mata wadda ta ɓatar da uwa me zai hana ta ɓatar da kuɗi. Ina wajen, ina jin su ta taga. Kowace shekara nakan ce bayan Sallah zan faɗa. Ya rasu da wannan a ransa, ta zo ta yi kwana uku tana dafa wa masu zaman makoki abinci. Wannan ba zan iya gyara shi ba, don wanda ya kamata ya ji ba ya nan.

Bara da ciwon nan ya kwantar da ni na ga abin ba wasa ba ne, ina samun sauƙi na sa aka kai ni Karaye. Na tarar da ita a shago ita kaɗai da rana tsaka. Ta yi mamakin ganina ba sanarwa, ta shimfiɗa mini darduma a kan benci, ta kawo ruwa. Na ce ta zauna. Na faɗa mata komai, tun daga gyaɗar har zuwa mai tura finafinai, har tsayuwar da na yi a gaban adaka. Ban ɗago kai ba sai da na gama. Ina jiran kuka, ko ta tashi ta fita. Sai na ga tana dai kallona.

"Na sani, Baba."

"Kin san me?"

"Bayan abin da kamar shekara guda, mai finafinan ya kawo shi nan, wai yana ba shi matsala in duba masa. Da na juya shi na ga ɗan filastan da na manna a ƙasa, da sunan Inna da rubutun hannuna. Na tambaye shi inda ya samu, ya ce wani dattijo mai tabarau ne a Rogo ya sayar masa, tsohon malamin gona. Na saye shi a hannunsa. Kwana huɗu ina ƙoƙarin dawo da su, amma an riga an danne su da finafinai sau da yawa."

Ta jawo durowa ta ɗauko shi ta ajiye a kan tebur tsakaninmu. Na kalle shi, na kalle ta. Na ce shekara shida ke nan yana cikin durowar nan? Ta ce e. Na ce Baffanki yana faɗa miki maganganun nan kina da shi a hannu? Ta ce e. Na ce mahaifiyarki fa, mijinki fa? Ta ce ba wanda ta faɗa wa. Na tambaye ta don me.

"Ni an riga an faɗa a kaina, Baba, kuma na ga ban mutu ba. Kai kuwa ban san ko za ka iya ɗauka ba."

Daidai nan wata mata ta leƙo da takardun makarantar ɗanta tana so a yi mata kwafi. Uwani ta ce mini tana zuwa, ta tashi ta kunna inji. Ina jin tana tambayar matar guda nawa za a yi, matar ta ce ɗaya ya isa, ta ce a'a, bari ta yi mata biyu, ta ajiye ɗaya a gida. Ni kuma ina kan benci da hulata a hannu, har aka kira la'asar ban iya miƙewa ba.